Filin Tambaya da Amsa: Charles Dickens a Hannun Manazarta

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan marubucin nan ne na ƙasar Ingila, Charles Dickens, wanda aka haifa a garin Portsmouth ranar 7 ga Fabrairu, 1812, ya rasu ranar 9 ga Yuni, 1870, yana da shekara 58.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, ina aji huɗu a sashen Turanci, kuma kundina a kan littafin David Copperfield nake rubuta shi. Malamin da ke duba aikina ya ce in fara da karanta tarihin rayuwar marubucin, wata ƙawata kuwa ta ce mini ɓata lokaci ne, domin a ganinta littafi shi ke magana da kansa. Wanne zan bi?

Amsa: 'Yata, ki bi maganar malaminki, domin da wuya a sami littafin da rayuwar marubucinsa ta shige shi kamar wannan da kika zaɓa. Sai dai akwai sharaɗi, kuma zan zo kansa bayan na ba ki labarin.

Mahaifin Dickens, John Dickens, akawu ne a ofishin biyan albashin sojan ruwa. Albashinsa ba laifi, amma mutum ne da hannunsa ba ya riƙe kuɗi, kullum cikin rance yake. A watan Fabrairu na 1824 wani mai gidan burodi ya kai shi ƙara a kan bashin fam 40 da 'yan kai, aka tsare shi a kurkukun masu bashi na Marshalsea da ke Landan. A wancan zamani iyalin wanda aka tsare saboda bashi suna iya tarewa tare da shi a cikin kurkukun, haka kuwa uwar da ƙananan yaran suka yi. Shi Charles, yana ɗan shekara 12, an riga an sa shi aiki a wata masana'antar man takalmi ta Warren da ke bakin kogin Thames, inda ake biyan sa sule shida a mako. Aikinsa shi ne ya rufe bakin 'yar kwalbar man da takarda, ya ɗaure da zare, ya datse gefen, sannan ya manna takardar suna, tun safe har yamma, a cikin wani tsohon gini da ɓeraye suka cika. Daga baya da masana'antar ta koma wata unguwa, sai aka riƙa zaunar da yaran a bakin taga saboda haske, masu wucewa suna tsayawa suna kallon saurin hannunsu. An saki mahaifinsa a watan Mayu, amma ba a cire yaron daga aikin nan take ba, kuma da mahaifin ya yanke shawarar mayar da shi makaranta, mahaifiyarsa ce ta so ya ci gaba da zuwa aikin. Dickens ya rubuta da hannunsa cewa bai manta da wannan ba, kuma ba zai taɓa mantawa ba.

Abin da ya sa wannan labari ya zama ginshiƙin nazarin Dickens shi ne ɓoye shi da ya yi. Ya yi shekara fiye da 30 yana cikin shahararrun mutanen Ingila, jama'a suna karanta labaran yara marayu da gidajen kurkuku a littattafansa, ba tare da sun san daga ina tausayin nan ya samo asali ba. Amininsa John Forster kaɗai ya damƙa wa 'yan shafukan da ya rubuta game da ƙuruciyarsa, shi kuma Forster bai fitar da su ba sai a tarihin rayuwar Dickens da ya wallafa cikin juzu'i uku tsakanin 1872 da 1874, bayan mai labarin ya kwanta dama. A nan ne masu karatu suka ga cewa babi na 11 na David Copperfield, inda aka tura yaro David wanke kwalabe a ma'ajiyar giya, akwai jimloli a cikinsa da aka kwaso kusan kalma da kalma daga waɗancan shafuka. Micawber, mutumin nan mai daɗin baki da yawan bashi wanda kullum yake jiran sa'a ta faɗo masa, kamannin mahaifinsa ne. Har sunan Fagin, tsohon da ke koya wa yara sane a Oliver Twist, sunan wani yaro ne da suka yi aiki tare a masana'antar, wanda a zahiri kyautata masa ya yi, ya yi jinyarsa wata rana da ciwo ya kama shi a wurin aiki.

To, ga sharaɗin. Kada ki mayar da littafin takardar shaida a kotu. David maraya ne da mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, Dickens kuwa iyayensa biyu suna raye har ya girma ya yi suna. Da ya zo rubutu, sai ya ɗauke laifin tura yaro aiki daga kan iyaye na jini ya ɗora wa mijin uwa mara imani, ya ɗauki halin mahaifinsa na fara'a da sakaci ya ba wa wani baƙo da David ya yi haya a gidansa. Aikinki na mai nazari yana cikin wannan sauyi: me ya canza, me ya sa ya canza shi, kuma me canjin ya yi wa jigon littafin? Idan kika tsaya a jera kamanni kawai, kina cewa wane shi ne wane, kin yi aikin mai neman tsegumi, ba na manazarciya ba.

Sannan ki riƙa tambayar kowane labari asalinsa, kamar yadda malaman hadisi suke bin isnadi. Tsare John Dickens yana cikin rajistar kurkuku, don haka tabbatacce ne. Abin da yaron ya ji a ransa kuwa ruwaya ce ta mutum ɗaya, wadda ya rubuta bayan fiye da shekara 20, ta iso mana ta hannun aminin da ke son kare martabarsa, kuma ainihin rubutun hannun bai wanzu ba balle a gwada shi da abin da Forster ya buga. Ban ce ƙarya ce ba, ni kaina na gaskata ta, amma ya kamata kundinki ya nuna kin san matsayin kowace hujja. Zan ba ki misalin da ya girgiza manyan masana. A shekarar 2002 wata maƙala ta fito a mujallar The Dickensian tana cewa Dickens ya haɗu da marubucin Rasha Dostoevsky a Landan a 1862, har ya buɗe masa cikinsa ya ce mugayen taurarin littattafansa daga cikin ransa yake ciro su. Labarin ya yi daɗi ƙwarai, har ya shiga littattafan tarihi na Michael Slater da Claire Tomalin, waɗanda dukansu ƙwararru ne masu taka-tsantsan. A 2013 wani malamin adabin Rasha, Eric Naiman, ya bi sawun maganar har tushenta ya nuna cewa ƙirƙira ce tsagwaronta. Idan irin wannan ta sami manya, ɗalibar da ke kwasar bayani daga intanet ta fi kowa bukatar lura.

Tambaya ta biyu, daga wani malamin sakandare a Katsina: Ɗalibaina suna kuka da tsawon littattafan Dickens, kuma na ji ana cewa da yawan kalmomi ake biyan sa, shi ya sa yake jan magana. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, maganar ta yaɗu amma ba haka abin yake ba. Ba a ƙirga masa kalma ana biya. Tsawon ya samo asali ne daga yadda ake fitar da littattafan. Tun daga Pickwick Papers a 1836, yawancin manyan littattafansa kashi-kashi suke fitowa duk wata, kowane kashi shafi 32 da zane biyu, a kan sule ɗaya, har kashi 20, na ƙarshe biyun a haɗe, wato wata 19 ke nan ana bin labari ɗaya. A lokacin da sabon littafi mai juzu'i uku yake kai sule 31 da sisi, wannan tsari ya sa akawu da ɗan kasuwa ƙarami suka iya saye. Pickwick ya fara da 'yan ɗaruruwan kwafi, kafin ya ƙare yana sayar da kusan 40,000 a wata. Masu karatun Hausa ba baƙi ba ne ga wannan, domin mun saba da littafi na ɗaya da na biyu da na uku a kasuwar littattafai ta Kano, yanzu kuma ga marubutan da ke sakin labari shafi-shafi a waya, masu karatu suna yi musu sharhi kafin su rubuta na gaba.

Wannan tsari ya buɗe wa manazarta wata ƙofa, domin marubucin yana rubutu ne alhali jama'a suna karanta farkon labarin suna mayar da martani. Da cinikin Martin Chuzzlewit ya yi sanyi a 1843, sai ya ɗauki tauraron ya tura shi Amurka, ƙasar da shi kansa ya ziyarta a 1842 ya dawo da takaici. A David Copperfield ya zana wata gajeriyar mata mai gyaran gashi da farce a matsayin mara kirki, sai wata maƙwabciyarsa da ta gane kanta a zanen ta rubuto masa cikin ɓacin rai, shi kuwa ya juya halin matar a wani kashi na can gaba ta zama mutuniyar kirki. Ƙarshen Great Expectations ma ba shi ne na farko ba: ya rubuta ƙarshe mai ɗaci inda tauraron labarin, Pip, da Estella wadda yake so suka haɗu a titi suka rabu, abokinsa marubuci Bulwer-Lytton ya roƙe shi ya sassauta, ya sake rubutawa, kuma har yau masana suna jayayya a kan wanne ya fi dacewa da littafin. Ni na farkon na fi so, domin shi ya fi yi wa labarin gaskiya.

Duk waɗannan an san su ne saboda takardun sun wanzu. Forster ya bar rubuce-rubucen hannu na yawancin littattafan ga gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria and Albert a Landan, tare da gwajin bugu da 'yan takardun da Dickens yake tsara kowane kashi a kansu, inda yakan rubuta wa kansa tambaya ko a kashe wane yanzu, ya amsa da a'a ko tukuna. John Butt da Kathleen Tillotson sun yi nazarin waɗannan takardu a littafinsu Dickens at Work na 1957, suka nuna cewa daga Dombey and Son zuwa gaba mutumin yana gini ne da tsari, ba zuba kawai yake yi ba. Wannan ya taimaka wajen sauya ra'ayin jami'o'i, domin an daɗe ana ɗaukar sa mai nishaɗantar da jama'a kurum. Babban mai sukar adabi F. R. Leavis ya ƙi sa shi cikin jerin manyan marubutan Ingila a 1948, in ban da Hard Times, amma a 1970 shi da matarsa suka fitar da littafi sukutum suna yabon sa.

Shawarata game da ɗalibanka ita ce ka karantar da su littafin yadda aka fara karanta shi, babi uku ko huɗu a mako, ka tsaya inda kashin ya tsaya, ka bar su da zulumin abin da zai biyo baya. Ka fara da Great Expectations ko Oliver Twist, ka bar Bleak House sai sun yi ƙwari.

Tambaya ta uku, daga wata uwargida a Kaduna: Na taso ina ƙaunar Dickens saboda tausayinsa ga marayu da talakawa. Kwanan baya na ji cewa ya wulaƙanta matarsa bayan ta haifa masa 'ya'ya goma. Abin ya dame ni. Shin ƙazafi ne?

Amsa: Hajiya, da ina da halin ce miki ƙazafi ne da na faɗa, domin ni ma abin ya taɓa ni lokacin da na fara karanta shi, amma hujjojin sun yi yawa.

Ya auri Catherine Hogarth a watan Afrilu na 1836, ta haifi 'ya'ya goma cikin shekara 15, ban da ɓarin da ta yi. A 1857, yana da shekara 45, ya haɗu da wata 'yar wasan kwaikwayo mai shekara 18, Ellen Ternan, a wani wasa da ya shirya a Manchester. A cikin shekarar ya sa aka toshe ƙofar da ke tsakanin ɗakinsa da na matarsa da katako. A 1858 suka rabu bayan shekara 22 da aure, Catherine ta bar gidan da babban ɗansu kaɗai, sauran yaran suka zauna wurin uban ƙarƙashin kulawar ƙanwarta Georgina. Rabuwar aure aba ce da ke faruwa a ko'ina, kuma ba a kanta na tsaya ba. Abin da ya fi muni shi ne yadda ya yi amfani da alƙalaminsa da sunansa a kan matar da ba ta da bakin ramawa. Ya buga sanarwa a jarida da mujallarsa yana wanke kansa, ya kuma rubuta wata wasiƙa da ta faɗa hannun 'yan jarida, wadda a cikinta ya ce matar ba ta iya riƙon 'ya'yanta ba, har ya yi nuni da cewa hankalinta ba daidai yake ba. Catherine ba ta mayar masa da martani a fili ba har ta rasu a 1879. Dab da rasuwarta ta damƙa wa 'yarta Kate wasiƙun da ya rubuta mata, ta ce a kai su gidan tarihi na Birtaniya domin duniya ta san cewa ya taɓa son ta.

Yadda gaskiyar ta fito darasi ne a kan aikin bincike. Dickens ya yi iya ƙoƙarinsa ya share sawu. A watan Satumba na 1860 ya tara wasiƙun da aka aiko masa na shekara 20 ya cinna musu wuta a filin gidansa na Gad's Hill, kuma ya ci gaba da ƙona masu zuwa. Forster, saboda amana, kusan bai ambaci Catherine ba, sunan Ellen kuwa bai fito a littafinsa ba sai a cikin wasiyyar da aka buga a ƙarshe, inda ita ce ta farko da aka ambata, da kyautar fam 1,000. Shekara fiye da 60 iyali da masoya suna tsare sirrin. A 1939 wata ƙawar Kate, Gladys Storey, ta wallafa hirarrakin da ta yi da ita, inda 'yar da kanta ta ba da shaida a kan mahaifinta. A 1952 wata manazarciya Ba'amurkiya, Ada Nisbet, ta yi amfani da wani nau'in hasken ɗaukar hoto da ke ratsa tawada ta karanta layukan da aka shafe a wasiƙunsa, sai ga saƙonni zuwa ga Ellen a ƙarƙashi. Akwai kuma ƙaramin littafin aljihunsa na 1867 da ya ɓata a Amurka, wanda yanzu yake ɗakin karatu na birnin New York, cike da gajerun alamu da masana suka warware suka gano yawan zuwansa wurinta. Ko haɗarin jirgin ƙasa na Staplehurst a 1865, wanda aka yi ta yaba masa saboda taimakon waɗanda suka ji rauni, Ellen da mahaifiyarta suna cikin taragonsa, ya kuma tabbatar sunansu bai fito ba. Wasiƙun da ya aika wa mutane kuwa bai iya ƙona su ba, an tattara fiye da 14,000 an buga cikin juzu'i 12 tsakanin 1965 da 2002. Claire Tomalin ta haɗa waɗannan zaruruwa a littafinta kan Ellen a 1990, Lillian Nayder kuma ta rubuta tarihin Catherine ita kanta, ta nuna mace ce mai hankali da iya mu'amala, saɓanin hoton da mijinta ya zana. A 2019 Farfesa John Bowen na Jami'ar York ya bayyana wasu wasiƙu na wani maƙwabcin Catherine da ke ajiye a Harvard, waɗanda ke cewa Dickens ya yi yunƙurin sa a kulle ta a asibitin masu taɓin hankali, abin bai yiwu ba saboda babu hujja.

Akwai inda masana suka rabu, musamman a kan ko Ellen ta haifa masa ɗa da ya rasu yana jariri. Tomalin tana ganin haka ne, Slater kuwa yana ganin hujjar ba ta kai ba, kuma a irin wannan wuri mai adalci yakan faɗi cewa akwai saɓani ya tsaya nan.

Game da ƙaunarki gare shi, ba na ganin wajibi ne ki jefar da littattafan. Tausayinsa ga yaran talakawa ba na baki ba ne. Ya tafi Yorkshire da kansa a 1838 ya ga makarantun da ake jibge yaran da ba a so kafin ya rubuta Nicholas Nickleby, kuma ya yi fiye da shekara goma yana kula da wani gida da attajira Angela Burdett-Coutts ta ɗauki nauyinsa domin ceto 'yan matan da rayuwa ta jefa kan titi. Duka biyun gaskiya ne, kuma mutum ɗaya ne ya aikata su. Abin da na lura shi ne sanin wannan tarihi yana ƙara wa mai karatu ido. Littattafan da ya rubuta bayan 1858 cike suke da mutane masu rayuwa biyu, masu sirrin da ke cin su, masu son abin da ba za su samu ba, kuma Pip na Great Expectations, wanda ya ji kunyar mutanen da suka rene shi ya juya musu baya, ba zanen wanda bai san ciwon laifi ba ne.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai karatu a Lakwaja: Wani abokina ya ce Dickens ya taɓa rubutu a kan kogin Kwara da yankinmu. Yaya abin yake, alhali bai taɓa zuwa Afirka ba?

Amsa: Malam, abokinka ya yi gaskiya, kuma garinku yana tsakiyar labarin.

A 1841 gwamnatin Birtaniya, bisa matsin masu yaƙi da cinikin bayi ƙarƙashin jagorancin Thomas Fowell Buxton, ta turo jiragen ruwa uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin kogi su daina sayar da bayi, a buɗe ciniki, a kuma kafa gonar gwaji. Sun ƙulla yarjejeniya da Obi na Aboh da Attah na Idah, suka sami fili a mahaɗar Kwara da Binuwai, wato wajen Lakwaja ta yau, jirgi ɗaya kuma ya kai har Egga a ƙasar Nufe. Zazzaɓi ya tarwatsa tafiyar, fiye da 40 daga cikin Turawa kimanin 150 suka mutu, gonar ma ba ta daɗe ba aka watsar da ita. Da labarin tafiyar ya fito a littafi a 1848, Dickens ya yi masa dogon sharhi a jaridar Examiner, ya yi kaca-kaca da waɗanda suka shirya ta, yana cewa a fara gyara gida kafin a tafi gyaran nesa.

Bayan shekara huɗu maganar ta dawo a Bleak House. A babi na huɗu akwai wata mata, Misis Jellyby, wadda ta duƙufa dare da rana tana rubuta wasiƙu domin kafa mazauni da noman kofi a wani ƙagaggen wuri mai suna Borrioboola-Gha a gaɓar hagu ta kogin Kwara, alhali gidanta ya zama juji, ɗanta ɗaya ya maƙale kansa a tsakanin ƙarafan shinge, wani yana gangarowa daga matakala, babbar 'yarta kuma ta yi dumu-dumu da tawada saboda aikin rubuta mata wasiƙu. Can gaba ya nuna Jo, yaron da ke sharar titi, wanda bai san harafi ko ɗaya ba, yana zaune yana cin ɗan abin karyawarsa a bakin ƙofar wata ƙungiyar yaɗa addini a ƙasashen waje, babu wanda ya dube shi. A matsayin suka ga masu taimakon nesa da ke tsallake na kusa, zanen ya yi ƙarfi, kuma duk wanda ya ga mai kyauta a waje da rowa a gida zai gane shi.

Sai dai mu da muke gaɓar kogin dole mu karanta shi da ido biyu. A cikin sharhin na 1848 mutanen bakin Kwara ba su fito a matsayin mutane masu hankali da manufa ba, sun fito ne a matsayin abin dariya da yaudara, kuma a ƙarshen Bleak House an ce shirin ya rushe ne domin sarkin wurin ya so ya sayar da baƙin ya sayi barasa. A 1853 ya buga wata maƙala a mujallarsa Household Words yana zagin mutanen da ya kira marasa wayewa da kalmomi masu zafi, bayan an kawo wasu Zulu ana nuna su a Landan. A 1857, lokacin boren Indiya, ya rubuta wa Burdett-Coutts wasiƙa yana cewa da shi ke da iko da ya shafe al'ummar da ya ɗora wa laifin, a 1865 kuma ya goyi bayan Gwamna Eyre wanda ya murƙushe boren baƙar fata a Jamaika da kisa da bulala. Wannan shi ne mutumin da a 1842 ya yi Allah wadai da bautar da ya gani a Amurka, har ya kwafo tallace-tallacen neman bayin da suka gudu daga jaridunsu domin duniya ta ga tabon da iyayengiji suke bayyanawa da bakinsu. Ya ƙi bauta da gaske, amma bai yarda cewa baƙar fata daidai yake da shi ba, kuma wannan hali ya zama ruwan dare tsakanin mutanen zamaninsa. Ya nuna yana iya karɓar gyara a wani wuri: da wata Bayahudiya, Eliza Davis, ta rubuto masa a 1863 tana ƙorafi kan yadda ya zana Fagin, ya saka Bayahude mai kirki a littafinsa na gaba, ya kuma rage kiran Fagin da sunan ƙabilarsa a sabon bugu.

Akwai wani ɓangare na tafiyar 1841 da ya shafe mu kai tsaye, wanda ya sa ban yarda da hukuncin Dickens cewa asara ce zalla ba. A cikin jiragen akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayarben da aka 'yanto daga jirgin bayi wanda daga baya ya zama bishop, da wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya fara koyon Hausa domin wannan tafiya. A 1843 Schön ya buga littafin kalmomin Hausa, a 1862 ya fitar da nahawu, a 1885 kuma ya wallafa Magana Hausa, wanda ya ƙunshi labaran da ya rubuta daga bakin Dorugu, yaron da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Wato tafiyar da Dickens ya mayar abin ba'a tana cikin tushen rubutun Hausa da haruffan boko.

Schön da Crowther sun buga littafin abin da suka gani a tafiyar tun 1842, shekara shida kafin sharhin Dickens. Ɗalibin da ke neman batun kundi a jami'o'inmu zai iya ajiye rubutun Crowther a gefe ɗaya, sharhin Examiner da babi na huɗu na Bleak House a ɗaya gefen, ya duba yadda mutum biyu suka bayyana sarakuna ɗaya da kogi ɗaya, ɗaya ya zauna a gabansu ya ji maganarsu, ɗaya kuma yana Landan yana karantawa. Kai da kake Lakwaja kana iya ƙara abin da babu ɗayansu da ya samu, wato abin da dattawan garin da na Idah suka riƙe game da zuwan waɗannan jirage.